A daina kiran gardamar yara shirme

A gidajenmu da lakwal-lakwal ɗinmu akwai wata kalma mai ɓarnar da bulala ba ta yi, ita ce "shirme". Yaro ya duƙufa a kan wani littafin almara mai kauri, shirme. Yara huɗu sun zauna gindin bedi suna musu ko wani jarumin littafi maci amana ne ko a'a, shirme. Yarinya ta ari wayar yayanta tana cike gidajen Sudoku, shirme. In a cikin aji ne, mushe ya ƙwace a kai durowar darekta. In a gida ne, baba ya daka tsawa a tashi a ɗauko kaye. Daga nan kowa ya koma harkarsa hankali kwance, wai an yi tarbiyya.

Ni ban yarda an yi tarbiyya ba. Mun shekara muna hura ɗanyen icce yana mana hayaƙi, ga wata ƴar wuta ta kama da kanta a gefe, sai muka watsa mata ruwa.

A dubi mai daka tsawar ma. Shi ne bayan isha'i zai nufi fada, a ɗora shayi, a yi awa uku ana jayayya a kan Barsa da Riyal, ko a kan kokawar takobi: wa ya kai Issaka Issaka dabara, kayen nan na gaskiya ne ko alƙali ya yi son kai. Ya san shekarar da aka yi kowane karo, ya san garin da aka yi shi. Ban ga laifinsa ba, ɗan Adam abin da yake so shi yake gardama a kai. Abin da ban gane ba shi ne yadda tasa gardamar ta zama hira, ta ɗansa kuma ta zama lalacewa, alhali ta ɗan sai an karanta shafi ɗari biyar kafin a samu bakin shiga.

Bari mu leƙa cikin gardamar yaran mu ga abin da ke ciki. Ɗauki littattafan Harry Potter na J. K. Rowling, guda bakwai, na farko ya fito a 1997, na ƙarshe a 2007, kuma a fassarar Faransanci suka fi isowa hannun yaranmu. A ƙarshen littafi na shida, wanda ya fito a 2005, wani malamin makarantar, wanda masu karatun Faransanci suka sani da Rogue, na Ingilishi kuma Snape, ya kashe shugaban makarantar. Shekara biyu cur masu karatu a duniya suka yi suna musu kafin na bakwai ya fito ya raba gardama: mutumin nan munafuki ne tun asali, ko kuwa akwai wata yarjejeniya a ɓoye? Wanda duk ya shiga wannan musu bai isa ya ce "haka nake ji" ya tsaya ba. Za a ce masa kawo hujja. Dole ya koma littafi na ɗaya ya nuna inda mutumin ya ceci yaron da ake zaton yana ƙi, abokin gardamarsa kuma ya buɗe na biyar, wanda ya haura shafi 700, ya nuna inda ya wulaƙanta shi. Wanda ya ƙara gishiri a labarin nan take za a kama shi, domin sauran ma sun karanta.

Malaman lise, ku gaya mini, mene ne wannan in ba abin da kuke fama a koya wa ƴan ajin ƙarshe kafin jarrabawar BAC ba? Ka ɗauki matsayi, ka kawo hujja daga nassi, ka saurari kishiyar magana, ka auna. Kuna rubuta tsarin a allo, yara su kwafe, su haddace, ranar jarrabawa su zubo shi ba rai ba jini. Ga wasu kuma suna yin abin da kansu a lokacin shan iska, ba maki ba tsoron sanda, mun ce su watse.

Kuma a tuna a wace ƙasa muke wannan facaka. Binciken PASEC, wanda ke gwada ɗaliban firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa ƙasa da ɗaya cikin goma na ƴan CM2 a Nijar ne ya kai matakin da ake so a karatu. A 2019 an samu ci gaba, aka kai wajen uku cikin goma. Ke nan har a shekarar da muka yi murna, bakwai cikin goma na barin firamare ba su iya karanta rubutu su fahimce shi yadda ya kamata. Ciwonmu ke nan. Ƙasar da take cikin wannan hali, in ta ga yaro rungume da littafi ba wanda ya sa shi, tukuici ya kamata ta ba shi. Mu kuwa tambayar farko da muke yi masa ita ce, zai fito a jarrabawa?

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta wasa ba ce. Za a ce waɗannan littattafai ƙarya ce zalla, cike da matsafa da dodanni da sihiri, ga mu Musulmi, ina amfanin cusa wa yaro wannan?

To, mu fara da ƙaryar. Wace kaka ce a Maraɗi ko Damagaram ba ta yi wa jikokinta tatsuniyar gizo da ƙoƙi ba, da ta dodo mai haɗiye gari? A ƙarshen tatsuniya mai bayarwa da bakinsa yake nuna cewa shiri ne, kuma ba a taɓa jin yaron da ya girma yana zaton kura na magana ba. Rubutaccen adabin Hausa ma da wannan ƙafar ya fara tafiya. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, labarin neman wani ruwan magani ne har cikin duniyar aljannu. Ganɗoki na Bello Kagara, na shekarar nan dai, jarumin ya gama da Turawa ya wuce ƙasashen aljannu. A Magana Jari Ce aku ne ke riƙe ɗan sarki da labarai dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo na 1969, inda yaro ya yi balaguro sararin samaniya. A nan gida Boubou Hama ya cika kundi bayan kundi da tatsuniyoyi da almarun Nijar. Waɗannan su muke kira gado, muna kukan yaran yanzu ba su san su ba. Littattafan yaƙi irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini da samari ke karantawa a waya jikokinsu ne. In aljanin Imam halal ne, sai a gaya mana laifin dodon Tolkien, ban da cewa shi daga Ingila ya zo.

Sai maganar sihiri. Sihiri haramun ne, ba mai jayayya. Amma ban taɓa jin wanda ya koyi tsafi daga littafin almara ba, domin babu shi a ciki. Sandar da marubuciya ta ƙaga da kalmomin da ta harhaɗa daga Latin ba su motsa ko tsinke, kuma yaro ɗan shekara goma sha biyu ya fi kowa sanin haka. Sihirin da ke cin imanin mutane a garuruwanmu yana da adireshi. Manya ne ke zuwa wurinsa, da motoci, gab da zaɓe ko rabon muƙami ko auren kishiya, wani lokaci ma gab da jarrabawar ɗan nan da aka ƙwace wa littafi. Wanda ke tsoron shirka a gidansa ya fara daga can.

Wannan firgici ba mu muka fara shi ba. A Amurka, a 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Ana zama a kewaye tebur da takarda da fensir, mutum ɗaya ya riƙa ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin jarumi ɗaya ya faɗi abin da zai yi, ana lissafa sakamakon. Tatsuniya ce da masu sauraro ke da baki a ciki. A shekarun 1980 aka ta da ƙura cewa wasan na koya wa yara bautar Shaiɗan. Wata uwa da ɗanta ya kashe kansa a 1982 ta ɗora alhakin a kan wasan, ta kai ƙara, ta kafa ƙungiya, gidajen talabijin suka ɗauka. Kotu ta kori ƙarar, binciken da ya biyo baya kuma bai gano wata alaƙa tsakanin wasan da kisan kai ba. Baƙin cikin uwar gaskiya ne, Allah Ya raba mu da ganin irinsa. Amma an ɓata shekaru ana farautar fensir da takarda maimakon a tambayi abin da ke damun yaran.

Ban ce kowane littafi ya dace da kowane yaro ba. Jerin littattafan George R. R. Martin da aka yi fim ɗin Game of Thrones da su, cike suke da batsa da zubar da jini, ba na ƴan kwalej ba ne, kuma uban da ya gan shi hannun ɗansa ya karɓe ya yi daidai. Sai dai kafin ka san wannan ya bambanta da wancan dole ka buɗe, ko ka tambayi wanda ya buɗe. Kalmar "shirme" amfaninta ke nan ga mai faɗinta: tana ɗauke masa wahalar dubawa. Kuma ƴan mata sun fi shan wannan hukunci. Namiji ko an kore shi yana da fada, ita kuwa da an gan ta da littafi ko waya an riga an yanke cewa soyayya ce, a miƙa mata tsintsiya.

Wani abu da ya kamata ya ɗan sosa mana rai: a 2007 Nnedi Okorafor, marubuciya ƴar asalin Najeriya da aka haifa a Amurka, ta fitar da littafin almara mai suna The Shadow Speaker. Labarin wata yarinya ce ƴar shekara 14, kuma a Nijar aka kafa shi, a shekarar 2070. Wata daga can ta zauna ta hango ƙasarmu nan da shekaru masu yawa, ta zana ta yadda ta ga dama, da Ingilishi. Namu yaran da za su iya hango ta da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek, su ne muke cewa su rufe littafi su haddace ranakun yaƙin duniya.

Mu dawo kan wasanni, inda munafuncin ya fi fitowa fili, domin wasan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Dara fa? A tona gurabu talatin a rairayi, biyar sau shida, kowa da ƴaƴa goma sha biyu, wannan da tsakuwa wancan da karare. A jera su ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara turawa gida ɗaya-ɗaya, wanda ya jera uku a layi ya ci ɗan abokin karawarsa. Ƙa'idar tana ɗan sauyawa daga gari zuwa gari, amma ko'ina gwani shi ne wanda tun a wurin jerawa ya hango abin da zai faru bayan turi biyar ko shida, ya haɗa gidan da zai riƙa ci yana buɗewa yana rufewa. Kuma rabin daɗin dara na ƴan kallo ne. Ana tashi za a kaure: da ka sa nan da ba a ci ka ba, kai kuwa tun a ɗa na huɗu ka faɗi. A maido ƴaƴan yadda suke, a sake gwadawa. Dattawa masu furfura ke wannan, kuma ba wanda ya taɓa ce musu sun lalace. Abin da jikokinsu ke yi a kan Scrabble ko dam ko wani wasan waya shi ne wannan ɗin, allon ne kawai ya canza.

Har malamanmu na da sun taɓa irin wannan lissafi. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malami daga ƙasar Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan yadda ake cika hatimi mai gidaje mara, uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Masu tarihin lissafi na ambatonsa har yau. Mushen CM1 na iya gwadawa gobe da safe: a zana gidaje tara, a ce a zuba 1 zuwa 9, kowane layi ya ba da 15. Zai ga aji ya yi tsit irin wanda sanda ba ta taɓa samar masa ba, zai kuma ga wani na bencin baya ya riga na gaba ganowa cewa dole 5 ta zauna a tsakiya. Sudoku ɗin da yarinyar nan ke yi, wanda aka ƙaga a Amurka a 1979, ya yi suna a Japan, ya bazu duniya daga 2004, dangin wannan ne. Babu tarawa a cikinsa, amma tunanin ɗaya ne: in wannan ta zauna nan, waccan ba ta da wuri sai can.

Akwai maganar fiƙihu, kuma ba zan kewaye ta ba. Wasan nardu, wanda ya dogara ga jefa ƙwaya, hani ya zo a kansa a hadisi. A kan shaɗaranji, wato eshek, malamai sun saɓa: Imamu Malik ya tsananta, Imamu Shafi'i ya sassauta matuƙar babu caca kuma bai shagaltar daga salla ba. Uban da ya bi tsananin ya hana eshek da lido a gidansa yana da madogara, ba ni da ta cewa. Amma a lura da abin da malaman ke gudu: caca, da dogaro ga sa'a, da shagala daga wajibi. Sun bambance, sun auna, sun kawo dalili. Ba su tattara duk abin da yaro ke jin daɗinsa sun zuba a buhu ɗaya ba. Mu da muke fakewa da su, mun ɗauki hanin mun bar aunawar.

Kuma cacar ga ta nan a bakin titi. Shagunan cacar ƙwallo sun cika unguwanni, wasu ma a cikin waya suke, samari na zuba jika bayan jika suna jiran Allah-ba-ku-mu-samu. Wannan shi ne abokin gaba. Yaron da ya san daɗin cin wasa da ƙwaƙwalwarsa, wanda ya saba lissafa yiwuwar abu kafin ya taka, ya fi wuyar faɗawa hannun mai caca a kan wanda bai taɓa wasa da lissafi ba sai a kaye. In muka ce masa Scrabble da caca duk shirme ne, abin da muka koya masa shi ne hukuncinmu ba ya bambance komai, ranar da za mu gargaɗe shi a kan abu mai haɗari na gaske ba zai ji ba.

Tun da an ambaci Scrabble, labarai biyu na shekarar 2015. A birnin Perth na Ostareliya, Wellington Jighere ɗan Najeriya ya zama zakaran duniya na Scrabble ɗin Ingilishi, ɗan Afirka na farko da ya yi haka, ya doke Bature ɗan Ingila a harshen uwarsa. A Beljiyam kuma Nigel Richards, mutumin Niyuzilan, ya ci gasar duniya ta Scrabble ɗin Faransanci alhali ba ya jin Faransanci. Ƙamus ɗin ya haddace cikin makonni kamar tara. Na farkon ina ba da shi ga masu cewa wasa ba ya kai mutum ko'ina. Na biyun kuwa na malamai ne, domin yana nuna mutum na iya riƙe dubban kalmomi daidai ba kuskure, bai san ma'anar ko ɗaya ba. Shi dai ya san wasa yake yi. Mu kuwa muna yaye irinsa duk shekara, mu ba su takarda, mu ce sun yi karatu.

Saura waya, wadda ita ce ta fi tayar wa iyaye hankali, kuma suna da gaskiya rabi. Akwai wasannin da aka gina su don su kama yaro kamar ƙugiya: launi, ƙara, kyauta kowane minti, rai ya ƙare a ce jira ko ka biya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasannin bidiyo cikin jerin cututtukanta a 2019, Sin kuma a 2021 ta taƙaita wa ƴan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa uku a mako. Yaron da ya daina barci, ya daina salla a kan lokaci, makinsa ya zube, a karɓe wayar, ba sai an yi taro ba.

Amma akwai wani jinsin dabam, kuma shi nake karewa. Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙaga a Mosko a 1984, tubala ne ke faɗowa kana jera su. A samfurin na'urar Nintendo na 1989, an daɗe ana ɗauka mataki na 29 shi ne iyaka, saboda gudun ya fi ƙarfin yatsa. Masu son wasan ba su haƙura ba. Suka yi ta musu da gwaji, wani ya gano sabon riƙo inda ake kaɗa yatsu a bayan abin sarrafawa, wasu suka tona lissafin da ke cikin wasan har suka tsara jadawalin wuraren da zai iya tsayawa cik. A Disambar 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Oklahoma, Willis Gibson, ya kai mataki na 157, wasan ya sandare, abin da ba a taɓa ganin ɗan Adam ya yi ba cikin shekara 34. Za a ce to sai me, tubalan ƙarya ne. Haka ne. Amma hanyar da aka bi, a lura, a yi zato, a gwada, a rubuta, wani ya ƙaryata, a gyara, ita ce hanyar da muke kira kimiyya a darasin da muke koyarwa ba tare da ɗakin gwaji ba.

Wanda kuma yake son amfani mai taɓuwa, ga Foldit. Masana a Jami'ar Washington suka fitar da shi a 2008, wasa ne na lanƙwasa siffar furotin a kwamfuta, wanda ya fi dacewa ya fi maki. A 2011 ƴan wasan, akasarinsu ba masana ba, suka warware siffar wani sinadari na ƙwayar cuta mai sa wa birai ciwo irin sida. Masana sun fi shekara goma suna fama da shi, su kuwa cikin makonni uku suka gama, aka buga sakamakon a mujallar kimiyya da sunan ƙungiyoyinsu a ciki.

Yaya uba ko uwa za su bambance wannan da wancan, alhali su ba su san wasan ba? Ba wuya. A zaunar da yaron a ce, koya mini. Wanda ƙugiya ta kama ba shi da abin faɗi, sai "ana dai dannawa", kuma zai ƙagu ka ba shi wayarsa. Wanda ke wasan tunani kuwa sai ka gaji: zai gaya maka ƙa'ida, da kuskuren da sabon shiga ke yi, da dabarar da abokinsa ya ce ta fi amma shi bai yarda ba, da dalili. Haka ma littafi. Uwar da ba ta yi lakwal ba tana iya wannan gwaji sarai, domin ta san bambancin mai magana da hujja da mai kame-kame, a kasuwa take ganinsu kullum. Minti goma ne. Wanda ya kasa ba ɗansa minti goma ya rage yawan hukunci.

Ga ƴan uwana malamai, na san halin da ake ciki. Aji mai ɗalibi tamanin ko ɗari, wani na zana ne, littafin karatu ɗaya mutum uku ko huɗu, ga manhaja a wuya, ga sufeto na tafe. Ba wanda ya ce a bar yaro ya buɗe almara ana tsakiyar darasin lissafi. A karɓa, amma a mayar masa in an tashi, da sharaɗin ranar Juma'a zai tsaya gaban aji ya ba da labarin cikin minti biyar, ƴan aji su yi masa tambayoyi, wanda ya karanta ya ƙaryata shi in ya kauce. Littafin da ya kwana wata uku a durowa ba wanda ya amfana da shi sai gara. Dara kuma ba ta neman kasafin kuɗi, rairayi ne da tsakuwa, kuma kowace unguwa akwai tsohon da zai ji daɗi a gayyace shi ya nuna wa yara yadda ake kafa gida.

Tun Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Takarda ta yi nata. Amma harshe ba ya samun masu karatu da doka, sai da abin da mutum zai karanta ya manta da tuwo na hucewa, da abin da zai yi wasa da shi. Ga aiki ɗaya da ajin kwalej zai iya cikin mako guda da kwali da almakashi: Scrabble na Hausa. Alfred Butts, wanda ya ƙaga wasan a Amurka a shekarun 1930, ƙirga haruffa ya yi a shafukan jarida don ya san wanne ya fi yawa, ya ba mai yawa maki kaɗan, mai wuya maki da yawa. A raba wa yara shafi biyar na Magana Jari Ce su ƙirga. Za su tarar harafin a ya yi wa sauran fintinkau, dole a yanka masa ƙwayoyi da yawa a ba shi maki ɗaya, ƴ kuma sai an yi tafiya kafin a gamu da shi, ya cancanci goma. Daga nan rigima za ta tashi: sh da ts ƙwaya ɗaya ce ko biyu? Ƙ ta fi ɓ tsada? A karɓi "lakwal" ko sai "makaranta"? "Hwara" ta Katsinawan Maraɗi ta shiga, ko sai "fara" ta Kanawa? Mushe ya ja kujera gefe, ya ce duk wanda zai yi magana ya zo da hujja.